Tsakuwa da Ƙusa a Rumfar Muhtari Mai Faci

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da hoce da miyar sure a tashar Ƙauran Namoda, ɓangaren da ake lodin Zurmi da Shinkafi, kuma duk tsawon shekarun nan maƙwabcina ɗaya ne, Muhtari mai faci. Na ga maza iri-iri a tashar nan. Na ga mai rantsuwa da kabarin ubansa a kan fasinja ɗaya, na ga mai nafila yana leƙen layi kada a tsallake shi. Saboda haka in na ce mutum na kirki ne, ba don ya saya mini goro ba ne. Muhtari ma bai taɓa saya mini ba. Ta wannan fannin hannunsa a dunƙule yake, Allah na gani.

Mutumin Kurya Madaro ne, manomi ɗan manomi. Da zaman ƙauye ya gagara, gona ta zama wurin da ake zuwa da faɗuwar gaba, ya kwaso matarsa Furera da 'ya'yansu ya dawo Ƙaura. Ya fara da famfon keke da rabin duro na ruwa, har Allah ya hore masa ɗan injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba. Rumfar tasa kwano huɗu ce a kan dirkoki, amma daga cikinta gidansa yake ci.

Ba shi da yawan magana. In aka kawo masa taya, sai ya shafa bayanta da tafin hannu yadda mai sayen rago ke taɓa gadon baya, ya gaya maka gefen da motarka ke ja, da ko kana taka burki kamar mai jin haushinsa. Wanda bai san hanyar Zurmi ba zai ce mene ne abin ɗaukar taya da zafi haka. Mu mun sani. A hanyar nan rashin tsayawa shi ke kai mutum gida. Mota ta tsaya a daji, kowa ya san waɗanda ke iya fitowa daga bayan itatuwa.

A gefenmu akwai rumfar kallon ƙwallo ta Nuraddeen. Zana ce ta kewaye ta, kuma zanar da ke fuskantar tukunyata ta daɗe da yagewa, don haka abin da maza suka biya su gani, ni kyauta nake ganinsa. Wata Lahadi bayan azahar, babu ƙwallo, Nuraddeen ya murɗa talabijin ya faɗa kan tseren motoci na ƙasashen Turawa. Wasu abubuwa ne a kwance ƙasa kamar kyankyasai, tayoyinsu a waje, mutum ɗaya tak a ciki, babu wurin fasinja balle buhun gero. Na ce wannan ai wahalar banza ce, a zagaya wuri ɗaya sau hamsin ba a je ko'ina ba.

Muhtari ya leƙa don ya ga abin da ake wa ihu. Daidai lokacin wata mota ta shiga gefe ta tsaya, mutane kusan ashirin suka rufe ta, suka watse, ta wuce. An cire tayoyi huɗu an sa huɗu. Wallahi ban gama juya hoce ɗaya ba.

Ya tsaya da liba, ƙarfen cire taya, a hannu, baki buɗe. Sai ya ce, "Inna, kin ga masu faci."

Tun daga ranar ba ya fashin Lahadin da ake tsere. Abin nasu shekara-shekara ne, su fara da bazara kafin ruwan fari, su yi ta yawo gari-gari har sai mun kai gero rumbu, karo ashirin da huɗu. 'Yan tasha ba su iya sunayen ba, launi suke kira: Ja, Kore, Baƙa da Fara. Kowane launi biyu-biyu suke, amma ta gaba ake kallo. Muhtari ya samo gwangwanayen tumatir huɗu ya jera a kan katakon rumfarsa. Motar da ta shigo cikin ukun farko, sai ya jefa mata tsakuwa. Wadda ta mutu a hanya, ya jefa mata ƙusa daga cikin waɗanda yake zarowa a tayoyin mutane. Ya ce mota ba a yi mata shaida da rana ɗaya, kamar gona ce, sai an ga bazararta da daminarta da kakarta.

To, akwai Kamalu. Direban Zurmi ne, matashi mai farar mota, ɗan ƙanwar Maiwada sarkin tasha. Ba mugu ba ne, rawar kai ce ta yi masa yawa. In wasu suka yi sawu ɗaya shi ya yi biyu, kuma sai ya tabbatar kowa ya ji. Mijina nake ce masa, shi kuma ya ce ya sake ni tun bara saboda miyata ba nama. Shi Ja yake bi, don ita ce in ta samu miƙaƙƙiyar hanya ba a ganin ƙeyarta.

Bara, a karo na uku, aka nuno tayar Ja kusa-kusa. Kamalu ya miƙe tsaye ya yi kabbara.

"Jama'a, ku duba! Ku duba tayar nan! Ina zane? Sumul take awa kan Nuraddeen!"

Gaskiyarsa, babu zane ko ɗaya a jikinta. Ya juyo wajen Muhtari yana tafa hannu.

"Injiniya, wata nawa kana damuna wai tayoyina sun suɗe? Ashe tayar tsere gare ni ban sani ba! Turawan da sunka ƙera mota ba su kai ka sani ba?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Muhtari ya ce, "Tasu haka anka yi ta, da kaurinta. Taka cinyewa ta yi, saura kaɗan a ga zare. Kuma su zagaye ashirin suke yi su yar da ita. Kai taka tun yaushe take?"

"Hassada dai," in ji Kamalu.

Washegari ya yi lodin Zurmi, mutum bakwai da buhunan gishiri, ya gangaro bakin rumfa ya ce a ƙara masa iska, a cika ta ta yi tauri. Muhtari ya durƙusa, ya shafa ta gaba, ya shafa ta baya, ya miƙe ya goge hannu a riga.

"Ba ni ba ta iska."

A tasha wannan magana ba a yin ta. Direba shi ne maigidan mai faci. Ya ce cika, ka cika, in ta fashe a ce ƙaddara. Kamalu ya zaci wasa ne.

"Mi kac ce?"

"Na ce ba ni ba ta. In kai kaɗai ne, ranka ne. Amma ga mata da goyo a baya."

Fasinja suna ji. Wata mata ta fara tattara zanenta za ta sauka. Kamalu ya ja mota a fusace ya je bakin kasuwa aka cika masa, da ya dawo da yamma ya wuce kai tsaye wurin kawunsa.

Maiwada ya zo da kansa, da tumbinsa da carbinsa da mutane a baya. Tsohon direba ne, ba wawa ba, amma yana son a ce ya iya raba gardama. Dama akwai wani mai sabon inji da ya daɗe yana masa zarya yana neman wuri a tasha.

"Muhtari, an ce ka fi direbobina sanin taya. An ce har ta Turawa kana gyara musu."

"Ranka shi daɗe, ban ce ba."

Kamalu ya cafe. "Ya ce, Kawu! Ya ce Ja cin taya gare ta, wai Kore ce za ta ɗauki shekara. Kore, wadda ko sau ɗaya ba ta zo ta ɗaya ba!"

Maiwada ya ce, "Ka faɗi haka?"

Ina yi wa Muhtari ido, ina tari, har da buga murfin tukunya. Ya ce, "Na faɗa."

Maiwada ya ja carbi biyu ya ce, "To, abu ya yi sauƙi. In shekara ta ƙare Kore ta ɗauka, ka san taya, ba motar da za ta yi lodi a nan sai ka ɗora mata hannu. In Ja ta ɗauka, ka san inda za ka kai kwanonka. Kun shaida?"

Aka ce an shaida. Da dariya aka faɗa, amma maganar sarkin tasha a gaban jama'a ba ta komawa ciki. Da suka watse na ce wa Muhtari, "Kai wane irin sakarai ne? Ka ɗora tuwon 'ya'yanka a bayan kyankyason da ba ka taɓa gani ido da ido ba?"

Ya ce, "Inna, ko an ce in tashi yau, tayar can dai ba ni ba ta iska."

Daga nan kallon tsere ya daina zama wasa a wurinmu. Ni da na ce wahalar banza ce, na koma sai in kashe wuta in matsa jikin zana. Har na san halayensu kamar 'ya'yan maƙwabta. Baƙa ta fara da ƙarfi, ta ci biyu a farkon bazara, daga nan ta yi sanyi kamar tuwon jiya. Fara 'yar rakiya ce, Allah ya ba ta haƙuri. Ja kuwa ba ta san tsaka-tsaki ba. Ko ta zo ta ɗaya ta bar su nesa, ko a gan ta a gefe tana hayaƙi, direbanta yana jifa da safar hannu. A garuruwa masu zafi sau biyu take shiga a sauya mata taya inda Kore ke shiga sau ɗaya. Ita Kore ba ta burge kowa. Ta biyu, ta uku, ta uku, ta biyu. Amma kullum sai ta iso. Muhtari ya ce direbanta lallaɓa taya yake a kwana, kamar mai tafiya da ƙwai a aljihu.

Abokan Kamalu suka daina kawo masa aiki. Akwai ranakun da injinsa bai yi tari ko sau ɗaya ba. Furera ta fara aiko da dafaffiyar gyaɗa ina sayar mata a gefen hocena. Sanda kaɗai, wani dattijon direban Shinkafi da ake wa laƙabi da Sai-Gobe saboda rashin saurinsa, shi bai fasa tsayawa kowace safiya a shafa masa taya ba.

Cikin watan da ruwa ya kankama a nan, can ma aka yi musu ruwa ana tsakiyar tsere. Nan take motoci suka rinƙa shiga gefe, aka cire tayoyi masu sumul ɗin aka sa wasu masu zane zuru-zuru kamar kunyar gero. Kore ce ta fara shiga. Ja tana gaba, ta ƙi, ta ce sai ta ƙara zagaye ɗaya. A kwana ta biyu ta juya kamar faifai ta daki shinge. Ranar Kore ta fara zuwa ta ɗaya.

Na leƙa ta yagar zana na ce, "Mijina, ina tayar tsere? Ko Turawan ma hassada suke maka?"

Ya ce, "Tsohuwa, ki ji da surenki."

Muhtari ya je ya jefa ƙusa a gwangwanin Ja, tsakuwa a na Kore.

Bayan kwana tara abin ya zo gida. Kamalu ya taso daga Zurmi bayan an ɗauke ruwa, kusa da Dauran motar ta zame masa ta faɗa lambatu, tayar baya ta fashe. Ba wanda ya ji rauni. Amma sun fi awa biyu a dajin nan, mata sun toshe bakin yara da mayafi, maza ba mai iya ɗaga murya, har Allah ya kawo wata babbar mota ta ja su. Da ya dawo ya ce ƙaddara ce, ya sayi taya ɗaya a bakin kasuwa, ita ma rabin sumul. Ya daina tsokanar Muhtari, amma bai janye maganar rumfa ba, kuma Ja ta ci gaba da cin garuruwan da babu ruwa.

Karon ƙarshe ya faɗo bayan an gama yankan dawa. Rumfar Nuraddeen ta cika har waje, Maiwada da kansa aka kawo wa kujera. Kore ta fita gaba tun farko ba ta waiwaya ba. Ja ta yi ta fama a baya, tayarta ta ci, ta ƙare a ta huɗu. Ana kaɗa wa Kore tuta ladan ya kira la'asar, Nuraddeen ya kashe janareta, kowa ya fito yana hayaniya. Kamalu ya fito kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabci.

Bayan sallah Maiwada ya tsaya a bakin rumfar Muhtari ya ce a zazzage gwangwanaye. Aka zuba a kan tabarma. Ja tsakuwa goma sha bakwai, ƙusa shida. Kore tsakuwa ashirin da ɗaya, ƙusa ɗaya tak. Sanda Sai-Gobe ya cire hula ya jefa sama. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, da tsufana da komai.

Maiwada ya ce, "To, magana ta ƙare. Kamalu, ka gani da idonka."

"Na gani, Kawu."

Sai Muhtari ya ce, "Ranka shi daɗe, ba ta ƙare ba."

Na san muryar nan. Na ɗauki hoce mai zafi na tura masa a hannu na ce, "Ci, ɗan nan, yunwa ce ke sa ka surutu." Ya riƙe hocen bai kai baki ba.

"Gwangwani lissafina ne, ba na masu abin ba. Ni wurina ta ɗaya da ta uku duk tsakuwa guda ce. Su wurinsu ta ɗaya ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma Ja ta zo ta ɗaya sau goma sha uku. Na bi makin da suke rubutawa a gefe tun bazara. Yau in ta zo ta huɗu ya ishe ta, kuma ta zo. Kore ta ci yau, amma shekara ta Ja ce. Da ba a kashe inji ba da kun ga an ba ta."

Babu wanda ya san da wannan sai shi. Nuraddeen ƙwallo ya sani, Kamalu gudu kawai yake kallo, ranar ko wayarsa ba zai duba ba don takaici, Maiwada kuwa ya riga ya yanke hukunci a gaban shaidu. Da Muhtari ya tauna hocen nan ya yi shiru, ko daga baya an gano, wa zai tayar da maganar da sarki ya rufe?

Maiwada ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Ka san abin da kake faɗi?"

"Na sani. Cewa na yi Kore za ta ɗauki shekara, ba ta ɗauka ba. In da za a ba ni ɗaya in sa iyalina, har gobe Kore zan ɗauka. Amma ba wannan anka tambaye ni ba."

Na zage shi ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce gaskiyar da za ta raba yara da tuwo a bar ta ta kwana mana. Ya ce, "Inna, in na ci da ƙarya yau, gobe in na ce wa mutum tayarsa ba ta kai shi Zurmi, don mi zai yarda?"

Litinin da safe ya kwance kwanonsa huɗu da hannunsa. Maiwada bai fito ba, an ce ciwon kai. Mai sabon inji ya shigo kafin azahar. Muhtari ya ja kayansa ya fita ƙofar tasha, taku arba'in, ya ajiye a gindin wani iccen bedi a bakin titi, inda ikon sarkin tasha bai kai ba. Na ɗauki tukunyata na bi shi. Ba don shi ba, inuwar ta fi.

Labari kuwa ya riga mu fita. Matan Dauran da na Zurmi da ke zuwa cin kasuwa suka ji cewa akwai mai facin da ya kayar da kansa da bakinsa. Ba na musun cewa wasu daga bakina suka ji. Sati bai cika ba, mota ta yi lodi ta fito ƙofa, sai ka ji wata daga baya ta ce, "Direba, tsaya gindin bedi a taɓa muna taya." In ya ƙi, ta ce a sauke ta. Direba ya yi ta ƙunƙuni, amma ya tsaya. Muhtari ya zagaya ya shafa huɗun, ya ce a tafi, ko ya ce wannan ba ta kai. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan shafawar ba, sai in aiki ya taso. Aikin kuwa ya rinƙa tasowa.

Kamalu ya fi wata yana wuce mu da gudu, fuska a gaba. Amma fasinjansa suka ragu, har Sai-Gobe ya fara riga shi cika. Wata safiya sai ga shi a ƙasa, yana gangaro da tayoyi biyu, ya koma ya gangaro da biyu. Ya jingina su da bedi.

"Malam Muhtari, ga tayoyin tsere. A yanka a yi wa awakin Inna komin dusa."

Na ce, "Awakina ma sun fi ƙarfinsu, ruwa za su zubar."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Na samo wasu, suna cikin but ɗin mota. Ban biya ba tukuna, na ce sai ka gani."

Muhtari ya je ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce uku su zauna, ɗaya a mayar. Kamalu ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna, ya rufe.

Rumfar dai ba ta dawo ba. Mai sabon inji yana ciki har yau, Maiwada kuma in zai wuce ta gabanmu sai ya ɗaga hannu ya kau da kai. Muhtari yana gindin bedi, damina ta dake shi, rana ta dake shi, amma aiki ya dawo har Furera ta daina aiko da gyaɗa. Da bazarar bana ta kama ya wanke gwangwanayensa ya jera a kan saiwa. Na ƙirga na ga biyar. Na ce na biyar ɗin fa, an ƙaro launi ne? Ya ce a'a, na farar motar Kamalu ne, shi ya kawo abinsa ya ce a sa shi a layi, in ta kai lafiya tsakuwa, in ta mutu a hanya ƙusa. Jiya na girgiza gwangwanin da Muhtari ya tafi alwala. Tsakuwa ce zalla.